Yadda Ake Shawo Kan Tsutsar Saiwa a Gona

Tsutsar da ke kumbura saiwar shuka ƙarama ce ƙwarai, domin tsawonta bai kai milimita 1 ba, kuma ta fi yaɗuwa a ƙasa mai rairayi da ɗumi, inda take addabar tumatir, kuɓewa, barkono da karas. Manomi yakan ga shukarsa ta tsumbure, ganye ya yi rawaya, tana yaushi da rana ko da an yi ban ruwa, sai ya ɗora laifin a kan ƙarancin taki.

Kafin a sayi wani magani, a tuge shuka ɗaya a wanke saiwarta. Idan ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, kuma ba sa ɓallewa idan an murza su da yatsa, to tsutsar ce. Ƙullutun da ke saiwar wake da gyaɗa kuwa masu amfani ne, kuma suna ɓallewa cikin sauƙi.

Da zarar an gama girbi, a tuge saiwoyin duka a ƙone su, saboda mace ɗaya takan saka ɗaruruwan ƙwai a jikinsu. A riƙa sauya shuka da dawa ko gero har shekara 2 zuwa 3, a kuma zuba ruɓaɓɓen taki da yawa. A wurin renon iri, wanda a ganina nan ne ya fi cancantar a kula, a jiƙa ƙasa lokacin zafi, a lulluɓe ta da farar leda wadda ake ganin abu ta cikinta na mako 4 zuwa 6, domin zafin rana ya kashe tsutsar. A wanke fartanya kafin a shiga wata gona.