Yadda Za Ka Duba Launin Fitsarinka Ka Gane Halin da Jikinka Yake Ciki

Yawancinmu masai muke shiga, mu tsuguna, mu yi tsarki mu fito, ba mu ga abin da ya fita ba. Alhali ƙoda dare da rana tana tace jini, kuma abin da take zubarwa yakan tona ciwo tun mutum yana kan ƙafafunsa.

Da farko ka samu abin tara. Yanke gorar ruwa ta roba wadda ake hango cikinta, ka wanke ta tas. Bar somin fitsarin ya zube, ka tari na tsakiya, sannan ka duba shi a hasken rana, domin fitilar waya tana ruɗin ido. Na asuba ya fi duhu tunda an kwana ba a sha ruwa ba, saboda haka ka sake dubawa da hantsi kafin ka yanke hukunci. Na mai lafiya ruwan ɗorawa ne mai haske, kamar busasshen karan dawa, kuma babban mutum yakan yi lita 1 zuwa 2 a yini.

Idan launin ya sauya, kafin hankalinka ya tashi ka tuna abin da ka haɗiya. Rifampicin, ɗaya daga magungunan tarin fuka, yana mayar da fitsari ja-ja kamar manja, har gumi da hawaye. Wannan ba illa ba ce, kuma kada wanda ke kan maganin wata 6 ya daina sha saboda ita. Flagyl yakan sa shi duhu. Ƙwayoyin bitamin B kuwa sukan sa shi rawaya shar.

Mataki na gaba shi ne gwajin ruwa. Fitsari kaɗan, mai duhu, mai ƙarfin wari, galibi ƙarancin ruwa ne. Da zafin Afrilu ko a azumi kusan kowa yakan ga haka, balle ɗan acaɓa da lebura da suke yini a rana. Sha ruwa kofi biyu ko uku, ka ci gaba da kurɓa, ka duba bayan 'yan awoyi. In ya washe, shi ke nan. Akasin haka ma abin lura ne: fitsari fari kamar ruwan randa, mai yawa, ana tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ga ƙishirwa, ga rama. Wasu ma sai su ga kiyashi ya taru inda suka yi. Wannan a je a auna suga.

Sai maganar jini, wadda ita ce ta fi damuna. A garuruwan da yara ke wanka a kududdufi, ko rafi, ko bakin dam, za ka ga yaro ɗan shekara goma yana gama fitsari sai 'yan ɗigon jini su biyo baya, su ɓata gaban wandonsa. Har yanzu akwai wuraren da ake cewa alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, tsargiya ce. Tsutsar da ke kawo ta tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta huda fata, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su yi ta yi wa mafitsarar rauni. In an bar ta shekaru tana jawo ƙarancin jini, tana iya lalata ƙoda, har ta kai ga ciwon dajin mafitsara. Maganinta praziquantel ne, ana bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon yaro, kuma akan raba shi a makarantu. Amma in ya koma ruwan nan zai sake ɗauka.

Ga manya, jini tare da ciwon kwiɓi mai sa mutum birgima yakan nuna tsakuwar ƙoda. Jinin da ya zo babu zafi ko kaɗan, musamman ga dattijo ko mai shan taba, shi ne wanda ba a yi wa jinkiri, ko da sau ɗaya aka gani ya ɗauke. Mace kuma ta tabbatar ba jinin al'ada ne ya gauraya ba, ta sake dubawa bayan ta yi tsarki.

Idan fitsarin ya koma kamar baƙin shayi kuma shan ruwa bai sauya shi ba, ɗauki madubi ka duba farin idonka. Ido rawaya, ga bayan gida ya yi fari-fari, shawara ce, kuma sau da yawa hanta ce ke ciwo. A nan mutane sukan ruga wurin jiƙe-jiƙe, su ƙara wa hantar da ta gaji nauyi. A fara gwajin jini tukuna a san wane irin ciwon hanta ne. Fitsari mai launin baƙin shayi tare da zazzaɓi mai zafi yana iya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ke farfasa ƙwayoyin jini. Yaron da fuskarsa ta kumbura, fitsarinsa ya yi duhu bayan ciwon maƙogwaro ko ƙuraje, ƙodarsa za a duba.

Fitsari mai gurɓi-gurɓi da zafi wajen fita, ana zuwa a kai a kai, shi ne abin da aka fi kira ciwon sanyi. Kada a sayi ƙwayoyi biyu a kemis a ce an gama. Kumfar da ba ta kwantawa kuwa tana iya nuna ƙoda na zubar da furotin, kuma ga mai juna biyu da ƙafa ta kumbura, ga ciwon kai, a ranar za a kai ta awo a duba hawan jini.

In za ka asibiti, tafi da kwalayen magungunan da kake sha, ka faɗi ranar da ka fara gani da ko akwai zafi. Za su ba ka 'yar kwalba, su tsoma wani siririn tsinke a ciki, cikin mintuna kaɗan ya nuna ko akwai jini, suga ko furotin. Wanda fitsari ya tsaya masa cak, mara ta cika ta yi tauri, ko yaro mai gudawa da ya yini bai jiƙa wando ba, ba a jira gari ya waye, a kai su nan take.