Yadda za ka daina cin bashi don hidimar yau da kullum

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban musa ba. Amma bashin da aka ci aka sayi kayan sana'a daban yake da wanda aka ci don cefane, kuɗin mota ko kuɗin wuta. Na farko yana haifar da abin da zai biya kansa. Na biyu kuwa kafin ranar biya ta zo, abin da aka saya ya riga ya ƙare. Wannan na biyun ne yake damuna, domin mutanen kirki masu aiki tuƙuru yake cinyewa a hankali.

Fara da lissafin nan, don ka ga abin da kake ciki. A ce samunka na wata 100 ne, hidimarka kuma 115. Ka ranci 15 a kan ruwa kashi 10 cikin ɗari a wata. Wata na biyu za ka biya 16.5, ga giɓin 15 ɗin nan yana nan bai tafi ko'ina ba, sai ka ranci 31.5. Wata na uku rancen ya kusa 50, na huɗu ya kusa 70, na biyar ya haura 91. A wata na shida, abin da ake bin ka ya fi albashinka gaba ɗaya. Ba ka ƙara sayen komai ba, ba ka yi almubazzaranci ba. Giɓi ne ƙarami da aka bari ba a toshe ba.

To, ɗauki littafi da biro, ba waya ba, domin abin da hannu ya rubuta ya fi zama a rai. Kowane bashi ka ba shi layinsa: wa ke bi, nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwan, yaushe ne wa'adi, mece ce tarar jinkiri. Har ɗan abin da ka karɓa wurin aboki ka ce "zuwa jibi" ka sa shi. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Wurin ruwan nan ka natsu sosai. Idan an ce maka kashi 1 ne kacal a rana, kashi 365 ke nan a shekara. Kashi 10 a wata, idan ruwa na hawa kan ruwa, ya haura kashi 200 a shekara. Mayar da kowanne zuwa lissafin shekara kafin ka kwatanta su.

A shafi na gaba ka bi kuɗinka wata guda cur, duk abin da ya fita ka rubuta a ranar. Nan za ka ga ainihin giɓin. Kuma hanyar toshe shi biyu ce kawai, ko a rage fita ko a ƙara shiga. Ina ganin mutane sun fi tsananta wa kansu kan ƙananan abubuwa, alhali babban nauyin yana wurin haya, zirga-zirga, ko hidimar kunya da ake yi don kada a ce an gaza. Abu babba guda da ka sauke ya fi ƙanana goma da za ka yi ta fama da su.

Daga yau kuma, kada ka ci sabon bashi don biyan tsoho, sai fa idan sabon ya fi sauƙin ruwa a rubuce kuma ka rufe tsohon nan take.

Sai abin da ya fi wuya, wato zuwa wurin mai bin ka. Je kafin wa'adi ya cika, kada ka jira ya kira. Faɗa masa abin da za ka iya biya da ranar da za ka biya, ka roƙi a tsayar da tara ko a tsawaita lokaci, ka nemi a rubuta abin da kuka daidaita. Kada kunya ta sa ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Wanda ya ga kana kawo kaɗan-kaɗan a kan lokaci yakan yi haƙuri, amma kashe waya da ɓuya suna mayar da mai sauƙin hali ma ya zama abokin rigima. Iyalinka ma su san halin da ake ciki, tunda da su za a tsuke bakin aljihu.

Wajen biya, muhalli, abinci da magani su ne gaba. Bayan su, ka ba kowane mai bashi mafi ƙarancin abin da aka yarda, rarar kuma ka zuba ta kan wanda ruwansa ya fi tsada har ya mutu, sannan ka koma na biye. Wasu sun fi son fara kashe ƙaramin bashi don su samu ƙwarin gwiwa. Hakan ma yana aiki, sai dai ya fi cin kuɗi.

Game da manhajojin rance na waya, ka duba izinin da suke nema. Tun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store shiga lambobin mutane da hotunan da ke wayarka. Duk wadda ta nemi wannan, goge ta.

Ko kana tsakiyar biya, riƙa ware wani abu, ko kashi 2 cikin ɗari na samunka ne, a wurin da hannu ba ya saurin kaiwa. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, nan za ka taɓa maimakon ka sake buɗe sabon layi a littafin.