Kurakuran da muke yi wa ƙasa muna zaton gyara ne

Wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Kusiri, a arewacin Kamaru, a watan Satumba zai ga ko'ina shar, ya ce daji lafiya lau. To, tsanwar damina ba shaida ba ce. Ko faƙo, wanda Fulanin nan ke kira harde, yakan yi ɗan gashin ciyawa idan ruwa ya sauka. A watan Afrilu ake duba lafiyar ƙasa. Akwai ragowar kara da ganye a kanta? Akwai ƙananan itatuwa masu tasowa, ko tsofaffi ne kaɗai suka rage? In ka zuba ruwa, tana sha ko gudu yake yi?

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar duk wata cikowar kogi a matsayin masifa. Na san abin da ruwa ya yi wa gidaje a Yagwa da Kusiri da Injamena a 2022 da 2024, kuma ba na raina hawayen kowa. Amma fadamar kogin Logon da cikowa take rayuwa. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa, aka kuma yi jinga a bakin kogin. Ruwa ya daina malala yadda ya saba, ga fari ya zo ya ƙara. Ciyawar da shanu ke dogaro da ita da rani ta mutu a wurare da yawa, kifi ya rasa inda zai hayayyafa, namun dajin Waza suka ragu. Sai a 1994, da aka sake buɗe wata mashigar ruwa, ciyawa da kifi da makiyaya suka fara komowa. Gyaran shi ne a tsare gidaje da jinga mai ƙarfi, a daina gini a kan hanyar ruwa, a bar fadama ta sha rabonta.

Sai maganar sassabe. Yawancinmu mun taso da ganin gona fes ita ce gonar jarumi: a sare kowane toho, a tara kara a cinna wuta. Tokar da muke murna da ita iska ce ke kwashewa tun kafin ruwan shuka. Ka bar karan a shimfiɗe. Gara za ta ci, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Kututturen da ke toho kuwa, zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, don haka ya fi dashen da ake yi ranar biki a bar wa awaki. Da wannan dabara manoman Maraɗi suka mayar da itatuwa gonakinsu tun shekarun 1980. Gawo musamman, kada gatari ya kusance shi: da damina yake zubar da ganye, ba ya tsare wa dawa rana, ƙasar gindinsa ta fi albarka, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Masunta ma da nasu. Mai su da gidan sauro ko mai zuba maganin ƙwari a tafki, kifin baɗi yake kwashewa yau. A koma ga raga mai faɗin ido, a ɗaga wa ruwa ƙafa lokacin da kifi ke ƙwai.

Ungulu fa? Ana sa guba a mushe don kura ko karnuka, ita ce ke fara sauka ta mutu. Inda ta ɓace, mushe ya daɗe yana ruɓa a bayan gari, karnuka da ƙudaje su gaje aikinta. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allura ko ta ci guba, a haƙa rami mai zurfi a binne ta, nesa da rijiya, don kada ungulu ta ci.