Yadda Ake Sasanta Saɓani Tsakanin Abokan Wasan Labari na Kan Tebur

A wasanni irin su Dungeons & Dragons, wanda ya fito tun 1974, mutum huɗu zuwa shida kan zauna awa uku ko huɗu, kowa na magana da bakin jaruminsa, jagora kuma na riƙe da zaren labarin. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin da ke wargaza abokai shi ne a ji haushin mutum, a huce a kan jaruminsa.

Da farko a tantance irin rigimar. Idan gardamar doka ce, kamar ko za a ƙara maki 2 a kan abin da dayis mai fuska 20 ya nuna, kada ta wuce minti biyu. Jagora ya yanke hukuncin wucin gadi, ya rubuta a takarda, a duba littafin dokoki bayan an tashi. In ya yi kuskure, ya faɗa da bakinsa a zama na gaba.

Ta hali ita ce mai wuya. Wani yana katse kowa, ko jaruminsa na sace dukiyar 'yan tawaga, in an yi magana ya ce "ai haka halin jarumina yake." Kada jagora ya turo masa dodon da zai hallaka shi don ya hora shi. Mutumin bai san laifinsa ba, abin da zai gani kawai shi ne an tsane shi.

A same shi shi kaɗai, cikin kwana ɗaya ko biyu, baki da baki ko ta kiran waya. A guji zauren WhatsApp na ƙungiya, domin rubutu ba ya ɗauke da murya, kuma wanda aka yi wa gyara a gaban mutane kare kansa zai yi. A kama abu guda da ya faru: "Jiya da muke ciniki da mai gadin ƙofa, ka zare takobi kafin in rufe baki, sai na ji kamar zamana ba shi da amfani." Kalmar "kullum" kuwa a bar ta, musu kawai take haifarwa. Daga nan a tambaye shi me yake nema a wasan, a yi shiru a saurara. Sau da yawa ba mugunta ba ce: shi faɗa yake so, an shafe awa biyu ana hira, gajiya ta kama shi.

Sai a tsayar da magana a kan abin da ido zai iya gani. Misali, jagora ya riƙa zagaya tebur yana tambayar kowa abin da zai yi kafin a jefa dayis, kuma babu sata tsakanin jarumai sai 'yan wasan biyu sun yarda. A sake dubawa bayan zama uku.

Idan matsalar ta shafi kowa, a ware zaman sharar fage ba tare da wasa ba, kowa ya faɗi abin da yake so da wanda ba ya so ya ji a labarin. A ajiye katin X a tsakiyar tebur, wato kati mai alamar X da wani mai tsara wasanni, John Stavropoulos, ya ƙirƙira: duk wanda ya taɓa shi, a tsallake wurin ba tare da an nemi dalili ba.

In an yi duk wannan abin bai canza ba, a gaya masa kai tsaye cewa salon wasansa da na teburin sun bambanta. Kada a sauya ranar zama a ɓoye masa. Zai ji labari, kuma wannan ne zai taɓa abotar.