Masu hawa tsaunukan Simien, ku bar ɗanyen wake a gida

In za ku hau tsaunukan Simien na Habasha, kada ku ɗauki ɗanyen wake. Ku sayi taliya siririya da shiro, garin miyar Habashawa, a garin Debark inda ofishin gandun dajin Simien yake.

A sansanin Geech, wajen mita 3,600, iska ba ta da nauyi. Ruwa na tafasa tun a digiri 88, ba 100 ba. Tukunya sai ɓararraka take, wake na nan da tauri, gas ɗinku na ƙonewa a banza.

In dole sai waken, ku jiƙa shi tun da dare, ku dafa a tukunya mai murfin kulle da ke riƙe tururi (pressure cooker).

Amma fa a Disamba da Janairu ruwan jiƙon kan daskare a waje. Ku shigar da shi tanti. Tsohon wake kuwa, ko an jiƙa sai ya ci muku gas.