Kurakuran Masu Tara Faifan Garmaho na Kiɗan Indastiriyal a Legas

Kiɗan indastiriyal, mai ƙarar ƙarfe da gurnanin inji, wanda ya samo sunansa daga kamfanin Industrial Records da ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa a Landan a 1976, da ɗan'uwansa, wato kiɗan gargajiyar Turai mai jigon mutuwa da kaɗaici, ƙananan kamfanoni ne ke buga su a faifan garmaho, sau da yawa kwafi ɗari uku ko ɗari biyar kacal. Wanda ya lalata nasa a Legas da wuya ya sami madadinsa.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa yana cikin na'urar juya faifai. Mutum ya je kasuwar Alaba ya sayi tokumbo daga Amurka, ya haɗa mata taransifoma, ya ɗauka magana ta ƙare. Taransifoma ƙarfin wuta kaɗai take ragewa daga 230 zuwa 120, ba ta taɓa mitar wutar, wato yawan kaɗawarta a sakan ɗaya, wadda 60 ce a Amurka, 50 kuma a Najeriya. Idan injin na'urar irin mai bin mitar wuta ne, faifan da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi a minti zai koma kusan 28. Da waƙar Shata ce, kunne zai kama nan take, amma kiɗan da dama can ƙarar ƙarfe da gurnanin inji ne, sai mutum ya shekara yana saurarensa a sanyaye bai sani ba. Maganin shi ne a nemi na'urar da aka ƙera don Ingila ko sauran Turai, ko mai daidaita gudunta da kanta. Haka kuma a duba tambarin tsakiyar faifan, domin wasu masu inci 12 a kan juyi 45 aka yanka su.

Sai allura. Ƙananan garmaho masu siffar akwati suna danna faifai da nauyin da ya ninka giram biyun da allura mai kyau ke buƙata, kuma idan ta yi tsalle a wurin kiɗa mai kauri, wasu kan ɗora mata kwabo. Wannan cin layin faifan yake yi, kuma a waƙoƙin jita masu sanyi ɓarnar ta fi fitowa.

Ajiya kuwa, a tsaye ake jera faifai, nesa da taga da bangon da ke tsattsafo, saboda danshin damina yana sa kwali ya yi fumfuna. Faifan da aka bari a mota cikin cunkoson Agege da rana tsaka zai iya lanƙwashewa kafin a isa gida.

Mai yin oda ta shafukan intanet na sayar da faifai, Bandcamp ko Discogs, ya karanta ko faifan ya riga ya fito ko kuwa biya yake yi tun kafin ya fito, domin jiran kan kai watanni. Ya roƙi mai sayarwa ya zare faifan daga kwalinsa kafin ya naɗe, don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya.