Yadda ake tafiyar zumunci da ƙananan yara a mota, daga Katsina zuwa Daura

Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne. Magidanci shi kaɗai a mota, awa ɗaya da 'yan mintuna ya isa. Amma da zarar an sa goyo da ɗan shekara uku da 'yar firamare a bayan motar, lissafi ya canza, domin yanzu cikin yaran da barcinsu da fitsarinsu ne ke riƙe da agogo. Wanda ya tsara tafiyar a kan haka zai isa gidan su Hajiya da fara'arsa. Wanda ya ce sai dai yara su bi tsarinsa, tun kafin Mashi za a fara ɓata rai. Matakan nan suna aiki har ga mai zuwa Kano ta Charanchi da Kankiya da Bichi, sai dai can tafiyar ta ninka, tsayawa ma ta ƙaru.

Mataki na 1: A tsayar da rana, a sanar da masu gida

Zuwan ba-zata yana da daɗi a baki, amma wahalarsa a kan matan gidan take faɗawa: a share ɗaki, a nemo shimfiɗa, a ƙara sanwa. Kwana uku ko huɗu kafin tafiya maigida ya kira. "Hajiya, in Allah Ya kai mu Asabar muna tafe da yaran, kwana biyu za mu yi." Za ta ce, "Wane irin kwana biyu, Allah na tuba? Ku dai ku koma, ku bar mini su." A yi dariya, amma a faɗi ranar komawa tun yanzu, don kada ta zama abin ja-in-ja a ƙarshe. A tambaya kuma ko akwai gidan sauro a ɗakin da za a sauka. In babu, a taho da na gida.

Idan don hawan Sallah ko Sallar Gani za a je, wadda Daurawa ke yi a watan Rabi'ul Awwal, gara a isa tun ana gobe. Ranar hawa gari cike yake da dawakai da baƙi, shiga da mota cikin unguwa da yara masu jin yunwa ba ƙaramin aiki ba ne. Idan kuma damina ce, uwa ta duba kada tafiyar ta faɗa kan kwanakin da ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. In an riga an fara ba yaro, a sa ragowar na kwana biyun a jaka.

Mataki na 2: A kai mota wurin bakanike da sauran kwana biyu

Ba ana gobe tafiya da yamma ba, lokacin da ko an gano matsala babu halin gyara. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu da waifa. Taya ita ce wadda aka fi yi wa kallon sama-sama, alhali ita zafin kwalta ya fi ci. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa na gargaɗin a canza taya bayan shekara 4 da ƙera ta, ko da zanenta bai cinye ba. Safaya ma a sa bakaniza ya gwada iskarta, a tabbatar jak da sifanar kwance taya suna cikin but, tare da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Lasin da takardun mota su kwana a aljihun gaba. Mai kuwa a sha shi da yamma, kada safiya ta ƙare a layin gidan mai yara na kuka.

Mataki na 3: A raba kaya gida biyu

Abin da ba a buƙata sai an isa, wato tufafi da tsaraba da gidan sauro, ya tafi but. Abin da hanya za ta nema ya zauna a jaka guda a ƙafar uwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa komai a akwati ɗaya a danne da buhu, sai yaro ya ɓata wando a tsakiyar hanya a fara sauke kaya a bakin titi.

Jakar hanya ta ƙunshi kayan canji ɗaya ga kowane yaro, famfas, tsumma biyu, ledoji masu ɗan yawa, sabulu, da zanin goyo na daban. Uwa ma ta sa mayafi ko hijabi na canji, don amai ba ya zaɓen inda zai sauka. Fo na roba da buta cike da ruwa su shiga ƙarƙashin kujera. A ɓangaren magani, farasitamol na yara da ɗan kofin awonsa, hodar ORS ta masu gudawa wadda ake damawa a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, da duk maganin da likita ya ɗora wani yaro a kai.

Guzuri ya zama abin da suka saba ci kuma ba ya ɓata mota: kunu a filas, dafaffen ƙwai da aka ɓare tun daga gida, ayaba, burodi, ruwan sha mai yawa. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri a ɓoye wa 'yan ƙasa da shekara 5 su har a isa. Mota na faɗawa rami sau ɗaya, ƙwayar gyaɗa ta wuce maƙogwaro, kuma babu asibiti a kusa.

Tsaraba ba sai ta yi tsada ba. Goro da turare ga Baba, sabulu da sukari ko turmin atamfa ga Hajiya, biskit mai yawa don yaran gidan da na maƙwabta, waɗanda za su kewaye motar tun kafin a kashe ta. Uwargida ta ƙulla na kowa daban tun a gida, har da na Goggo da ke lungu na gaba, don ita ce ba ta manta wanda ya tsallake ta.

Mataki na 4: A zaunar da kowa yadda ya kamata

Nan ne nake da tsauri. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 wurinsa baya. Ɗabi'ar nan ta uwa ta zauna gaba da jariri a cinya, ko uba ya ɗora ɗansa tsakaninsa da sitiyari don ya ji daɗi, wasa da rai ne. In aka taka birki da ƙarfi, hannun uwa ba ya iya riƙe yaro, komai ƙaunarta. Jakar iskar da ke fashewa a gaba kuwa don ƙirjin babba aka yi ta, ƙarfinta na iya hallaka ƙaramin yaro.

Abin da ya fi shi ne kujerar yara ta mota, ta jariri tana kallon baya. Ana samun ta hannu a kasuwa, kuma guda ɗaya na iya yi wa yara uku bi da bi. In babu, uwa ta koma baya ta ɗaura bel a jikinta ita kaɗai, sannan ta riƙe jaririn. Kada bel ɗaya ya zagaye su biyun, nauyinta zai danne shi. Manyan yaran kowa da nasa bel. A gefen ƙofofin baya akwai ɗan makunni, in aka tura shi ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki. A tura shi, a kulle gilasai daga wurin direba. Masu yawan faɗa da juna kuwa, babba ya zauna a tsakaninsu.

Mataki na 5: A yi sammako

Bayan sallar Asuba, da gari ya yi haske, a ɗauki yara da barcinsu a sa a mota, a karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi yadda masu wayon za su riƙa kamawa. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina kan wuce digiri 40, don haka sanyin safiya riba ce. Lokacin hunturu kuma akasin haka: in hazo ya rufe, a jira ya ɗan washe, a kunna fitila, a sa wa yara rigar sanyi da man kaɗanya a leɓe. Tafiyar dare da iyali a bar ta sam, ga halin tsaro ga manyan motoci masu fitila ɗaya. Mai bin hanyar da bai saba ba ya leƙa tasha ana gobe, direbobin haya sun fi kowa sanin halin da take ciki.

Mataki na 6: A hanya

Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 80 a awa a babban titi, 50 a cikin gari. A Mashi da Shargalle a sassauta sosai, musamman in an dace da ranar kasuwa: amalanke, babura, awaki da yara masu talla duk suna kan kwalta.

Da yaro ya ce fitsari, a nemi wuri a tsaya. "Ka daure, mun kusa" ba ta aiki a kan ɗan shekara uku. A sauka daga kwalta gaba ɗaya, a fito da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi. Shayarwa ma ta fi in mota na tsaye. Kuma ko minti biyu ne, kada a bar yaro a rufaffiyar mota don za a shiga masallaci ko shago.

Yaron da mota ke juya wa ciki ana gane shi kafin ya yi amai: ya yi shiru, ya fara hamma, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yana haɗiyar yawu. Nan take a miƙa leda, a ɗan sauke gilashi. Irin wannan kada a cika masa ciki da maiƙo kafin tashi, kada kuma a ba shi waya, don kallon allo ne ke tayar da abin. A sa shi kallon nesa. A ce wa ya fara hango raƙumi, ko a ƙirga jakuna, ko uwa ta ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. 'Yar firamare kuwa a ba ta labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu, a yi mata alkawarin za a kai ta ta gani da idonta. A cika alkawarin.

A shingen jami'ai a rage gudu, a yi sallama, a miƙa abin da aka nema. Lambar gaggawa ta masu kiyaye haɗura 122 ce, a ajiye ta a wayar maigida da ta uwargida.

Mataki na 7: Isa da komawa

Tun a mota a tuna wa yara gaisuwa: a cire takalmi, a durƙusa, a ce "Ina kwana, Hajiya." Wanda ya noƙe don ƙyuya kada a yi masa tsawa a gaban mutane. Kakarsa ta san yadda za ta yi da shi. "Kai, mijin nawa, haka za ka zo mini hannu rabbana, ko kuɗin cefane babu?" Kafin azahar yana kan cinyarta.

Uwa ta zagaya gidan da ido tun ba ta zauna ba: ina rijiya, a rufe take? Ina murhu, ina turken dabbobi, ina aka ajiye kananzir da maganin ƙwari? A gidan taro kowa na zaton wani ne ke kallon yaron, don haka a ambaci sunan mutum ɗaya a damƙa masa. Mai rarrafe da mai tatata a ci gaba da ba su ruwan da aka taho da shi, ko a tafasa musu.

Ranar komawa a fara sallama tun hantsi, don sallamar dangi ba ta ƙarewa da wuri, a kama hanya kafin La'asar. Hajiya za ta fito da gero da wake da kuka da daddawa, wataƙila har da zakara ɗaure da ƙafa. A karɓa, a yi godiya, amma kada a loda kaya har su toshe gilashin baya, kada kuma a ɗora buhu inda zai faɗo kan yaro in an taka birki. Zakaran a sa shi a kwali mai huji, abin da ya rage kuwa a bar wa Kawu ya aiko da shi a motar haya.